Asibitin Da Ba Ya Neman Miji

Mutane kan zaɓi asibiti don an ce likitansa ya ƙware, ko don wance ta je ta dawo da goyo. A gidan Inno da ke Wurno ba haka aka yi ba. Can an zaɓi asibiti ne don abu ɗaya tak: ba ya neman miji. Wadda kuwa za a kwantar a gadon asibitin, Mashkura 'yar Rabah, matar ɗan Inno, tana zaune a wurin aka yanke maganar, amma ko a juyo a tambaye ta abin da ta gani ba a yi ba.

Shekara goma da ɗoriya ke nan tana gidan mijinta Maccido babu ko ɓatan wata. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sha hayaƙi har idonta ya saba da yaji. Duk abin da aka kawo, ita ake miƙa wa. Maccido manomin albasa ne mai rufin asiri, garkarsa a fadamar Goronyo sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba, kuma a faɗi gaskiya bai taɓa ƙyashin kashe mata kuɗin magani ba. Shi ya sa da ta ji a rediyo ana bayanin dashen ciki, yadda ake ciro ƙwan mace a haɗa da ruwan mijinta a asibiti sannan a mayar mata a mahaifa, ta roƙe shi har ya amince. Ranar da ya ce to, ta yi azumin godiya.

Asibitin farko da suka je a birnin Sakkwato, wata likita ce dattijuwa ta gan su. Aka ɗebi jinin Mashkura, aka yi mata hoton ciki, aka duba abin da ake dubawa. Da suka koma karɓar sakamako, likitar ta cire tabarau ta dube ta.

"Ni dai ban ga abin da zai hana ki haihuwa ba. Ƙwayayenki na nan, mahaifarki lafiya lau. Sai dai shekaru na tafiya, kada a yi wasa da lokaci." Sannan ta juya wajen Maccido. "Saura kai, Alhaji. Ba ma fara wa mace allura sai mun auna mijinta. Abu ne na ɗan lokaci. Ko an sami matsala, sau da yawa akwai dabara. In ma wani abu ya gitta ranar aikin, muna da wurin da muke daskarar da ƙwai mu ajiye."

Mashkura ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Tunda take, ba wanda ya taɓa ce mata lafiyarta lau. Ta waiga don ta ga farin cikin a fuskar mijinta, sai ta ga yana kallon takalminsa, gumi na bin wuyansa alhali fanka na juyawa. Ya ce bari ya yi Azahar ya dawo. Ita da Inno, wadda ta rako su, suka jira shi har aka kira La'asar. A cikin mota suka same shi, ya kifa kai a sitiyari.

Washegari Inno ce ta yi maganar, tana zaune a kan tabarma tana gyaran wake, shi yana tsugune gefenta kamar yaron da aka aika ya ɓatar da canji.

"Wanga asibiti bai yi mani ba," in ji Inno. "Mace ta zamna ta dubi namiji ido cikin ido ta ce a auna shi? Shi albasa na da za a ɗora ga sikeli? Wa ka ɗaukar ciki, shi ko ke?"

"Inno, likita tac ce aikin na mutum biyu na," Mashkura ta ce a hankali.

"Likita tac ce. To ni uwatai nic ce a'a. Ba su da kunya, ba su da ladabi, tambaya kamar 'yan sanda. An samu wani."

Ashe har an samu wani. Wani dillalin albasa abokin Maccido ne ya yi musu kwatance: wani gida mai koren ƙofa a bayan gari, an mayar da shi asibiti. Mai wurin mutum ne mai santsin baki, irin waɗanda in sun sayar maka da rana sai ka yi godiya har da neman inuwa. Ya tari Maccido da hannu biyu, ya ce ai manya irinsu ba a wahalar da su da gwaje-gwaje, daga ganin Alhaji ma an san lafiyayye ne. A kawo Hajiya kawai a fara allura. Shi sai ranar ƙarshe, ranar da za a ciro ƙwan, ya leƙo da safe ya ba da nasa, shi ke nan.

Mashkura ta tambaya ko su ma suna da wurin ajiye ƙwai. Mutumin ya yi dariya, ya ce me za a ajiye, ai su nan take suke aikinsu.

A hanyar komawa Wurno, da Inno ta fara gyangyaɗi a kujerar baya, Mashkura ta ce wa mijinta, "Malam, ranar nan ta ƙarshe hwa tana zuwa."

"Ta zo mana," ya ce, idonsa na kan hanya. "Allah dai ya kai mu."

Ta so ta ce a koma wurin dattijuwar nan. Amma motar tasa ce, kuɗin nasa ne, uwar tasa ce, ita kuwa ba ta da komai sai jikin da za a soka wa allura. Ta haƙura, tana tsoron in ta matsa a fasa gaba ɗaya.

Aka kai ta birni ita da Inno, suka sauka gidan wata ƙanwar Inno. Kullum allura a ƙasan cibiya. Da farko ta ɗauka da murna, har tana shafa wurin tana salati. Kafin mako ya zagayo, fatar cikinta ta yi tabo-tabo, mararta ta yi nauyi kamar ta haɗiyi dutsen niƙa. Kanta na sarawa, abinci ya fita ranta, ga kuka haka kawai ba dalili. Ta gaya wa nas ɗin wurin, nas ta ce alamar magani na aiki ke nan. Aka ma ƙara mata yawan allurar, don mai asibitin ya ce yana son ƙwai da yawa, Alhaji ya ga aiki.

Maccido kuwa bai yi rowa ba, wannan kam a ba shi. Yau ya aiko da kilishi, gobe da atamfa, jibi da kwandon mangwaro. Komai yana zuwa birni ban da shi. In ta kira shi sai ya ce ana cirar albasa, in ya ɗaga ƙafa ma'aikata su yi masa ɓarna. Daga Wurno zuwa Sakkwato fa, mai kabu-kabu kan je ya dawo kafin tuwo ya nuna.

Da aka yi mata allurar ƙarshe, aka ce jibi da safe za a ciro ƙwan, kuma lokacin ba ya ɗaguwa, in an wuce shi wahalar duk ta tashi a banza. Ta kira shi ta faɗa masa, ta sake kira ta maimaita. Ya ce ya ji, har ya wanke mota.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safe suna asibiti aka kira shi, ya ce ga shi nan bisa hanya. A kan wannan maganar aka shigar da ita ɗakin aiki, aka sa ta barci. Da ta farfaɗo, mararta na zugi kamar an caccaka mata tsinke, abin da ta fara tambaya shi ne ko ya iso. Nas ta ce an sami ƙwai masu yawa, kyawawa, sai dai Alhaji ake jira.

Inno ta miƙa mata waya. Wannan karon ya ce motar lodi ce ta zo daga Kudu ba zato, ya ɗan biya Goronyo, yanzu zai juyo. Da hantsi ya yi ya ce an ce hanya ba kyau wajen Shinaka, an ga baƙin babura, kowa ya tsaya. Mashkura ta san hanyar Goronyo zuwa birni sarai, ta san wannan ba dalili ba ne, amma ta ce masa, "Malam, don girman Allah. Ko mashin ka hau. Sun ce ƙwan ba ya jira." Ta ji numfashinsa a wayar. Daga nan wayar ta mutu, ba ta sake shiga ba.

Bayan La'asar mai asibitin ya shigo, santsin bakin nan duk ya bushe. Ya ce su dai sun yi nasu. Ƙwan ya wuce lokacinsa, kuma ba su da inda za su ajiye shi. Ya ce a yi haƙuri, ya fita.

Mashkura ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta juya ta dubi surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inno, mi yah hana shi zuwa? Kin sani. Na ga ba ki ko leƙa ƙohwa ba tun sahe."

Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi. Da ta buɗe baki, muryarta ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Shina saurayi yay yi hangum, ciwon yas sauka mai ƙasa. Ni niy yi jinya tai. Wanzamin da yad duba shi yac ce mani in yi ta addu'a. Ban hwaɗa ma kowa ba, shi ma bai taɓa tambaya ta ba, amma ya sani."

"Kun sani, kunka bari anka yi ta soka mani allura?"

"Muna sa rai ga Allah. Wa ya san inda rabo yake?" Inno ta gyara lulluɓi. "Ke ɗiyar nan, ki ji. Mace in anka ce ba ta haihuwa, tausayinta a ka yi. Namiji in anka ce, ya mutu tsaye. Wa zai ƙara ba shi wurin zama cikin maza? Huɗu nib binne kahin shi, shi ɗai Allah yab bar mani. Ba ni bari a rubuta mai wagga magana ga takarda."

Haka aka ɗauko ta aka dawo da ita Wurno. Maccido ya tare su a ƙofar gida yana sannu-sannu, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce ƙaddara ce. Ya ce ita ma ta san halin da hanya ke ciki. Ya yanka mata kaza.

To, tsugune ba ta ƙare ba. Allurar nan da aka yi ta ɗura mata ba lissafi ta tashi aikinta. Cikinta ya fara kumbura, ruwa ya taru a ciki, ya yi tsini ya ɗaure kamar ganga. Zane ya ƙi zama a ƙugunta. In ta kwanta numfashi ya gagara, in ta ci abu ta amayar. Aka kira mai koren ƙofa a waya, ya ce ta riƙa shan ruwa da yawa, zai saɓe da kansa.

Maƙwabciya ɗaya ce ta shigo aron turmi ta gan ta tana amai a bakin rariya, hannu dafe da ciki. Kafin rana ta faɗi labari ya gama unguwa: an je birni an dace, cikin asibiti ne, shi ya sa ya fito da wuri. Mata suka fara shigowa bibbiyu, wai sun zo gaida Inno, idonsu na kan zanen Mashkura.

"Wallahi ba ni da ciki," ta ce musu. "Ciwo na, magani yak kumbura ni."

Suka kwashe da dariya har da tafawa. Wace mai cikin fari ce ta taɓa cewa tana da ciki? Ai haka ake yi. Mai cikin fari ko ya kai mata haɓa musu take, ta ce shawara ce, ta ce ƙoshi ne, kuma a yaba mata a ce 'yar gidan mutunci ce. Wata tsohuwa ta ce ita har ranar da ta durƙusa cewa take ciwon mara ne. Duk rantsuwar da Mashkura ta ƙara, sai su ƙara yaba kunyarta.

"Inno, ki hwaɗa musu," ta ce, hawaye na zuba.

Inno ta yi murmushi ta ce wa matan, "Ku ƙyale ta, kun san halin ɗiyan Rabah da kunya." Ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Ta tashi ta ɗebo musu goro.

A waje kuwa maza sun fara tsokanar Maccido a majalisa, wai ango ya kusa zama uba, a fara kiwon rago. Mashkura na jiyo su ta katanga. Ta kasa kunne ta ji ko zai musa. Dariya ta ji ya yi, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba.

Ranar da ya shigo ɗakinta ta tare shi. "Malam, ka san babu komi cikin nan sai ruwa. Gobe mi za ka ce musu?"

"Ni ban ce ma kowa akwai ba," ya ce. "Mutane na da bakinsu. In bi su gida-gida in yi ta musu?"

Kumburin ya yi kwanakinsa ya fara saɓewa. Sannan al'adarta ta zo, da yawa, da ciwo mai tsanani, har ta kasa tashi. Inno ta shigo ta ga zannuwan da ta jiƙa a baho. Ta tsaya ta dube su jim, sannan ta fita tsakar gida ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ta yi salati, ta ce Allah ya karɓi abinsa.

Aka cika gidan da 'yan jaje. Kowace ta zo da nata bayanin. Wata ta ce ta gan ta tana ɗaga bokiti. Wata ta ce ai yawan musun nan ne, wanda ya yi ta cewa ba shi da abu, wata rana sai a amsa masa. Wata ta rage murya, amma ba sosai ba, ta ce akwai matan da mahaifarsu ba ta riƙo, ko an zuba sai ya zube. Mashkura na kwance fuskarta a bango, ana yi mata ta'aziyyar ɗan da ba a taɓa yi ba, ana kuma tuhumarta da kashe shi.

Da yamma Gwaggo Asabe ta iso daga Rabah, ƙanwar mahaifinta, wadda ta raine ta. Da ɗakin ya rage su biyu, Mashkura ta riƙe hannunta ta zayyana mata komai, tun daga dattijuwar likita har zuwa hangum. A nan ne ta yi kukan da ta riƙe tun birni. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ita ma tana share ido. Ta yarda da ita, wannan kam ta yarda. Sai dai abin da ta ce shi ne:

"Ki binne wagga magana nan inda kih hwaɗe ta. Yanzu wa zai yarda da ke? Gari duk ya ga ciki. In kic ce babu, a ce ɓari ya taɓa maki kai. In kic ce laihin mijinki na, a ce kin tona asirin wanda yar riƙe ki shekara da shekaru bai yi maki gori ba. In kin hito, gidan wa za ki? Babanki ya tsuhwa, kuma kowa ya ji ba ki riƙon ciki. Ki yi haƙuri, ɗiyata. Rufin asirinai shi na naki."

Ta waje muryoyin maza na shigowa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Maccido na karɓar gaisuwa. Ana ce masa Allah ya mayar da alheri, Allah ya kawo mai tsayawa. Wani dattijo ya ce tunda dai an ga fari, ai an san iri na da kyau, saura ƙasa ta riƙe. Wani ya ce samun mai haƙuri irin Maccido sai an tona, wani da tuni ya sallame ta. Mashkura ta ji mijinta yana amsawa da amin, amin, muryarsa a sake.

A nan ta gane abin da aka je nema birni. Ita ɗa ta je nema. Su kuwa shaida suka je nema, kuma sun samu. Asibitin farko da ya ce lafiyarta lau, ba wanda ya ji maganarsa sai su uku, biyu a cikinsu kuma sun fi son a manta. Mai koren ƙofa bai auna kowa ba, bai dasa komai ba, amma ya ba Wurno ciki ta gani da idonta. Daga yau ba mai sake kallon Maccido da alamar tambaya. An wanke shi tas, da jininta.

Bayan 'yan jaje sun watse ya shigo. Ya zauna bakin gado, ya jawo kwanon tuwon da aka kawo mata ta kasa ci, ya cinye shi har da suɗe hannu. Rabon da ta ga ya ci abinci haka ta manta.

"Inno tac ce in kin ji ƙarhi, bayan damina a sake gwadawa," ya ce. "Kada mutane su ce mun yi sakaci da ke."

Ta juyo a hankali ta dube shi. "Wane asibiti?"

Ya tsaya da goge hannunsa. Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa.

"Wancan dai," ya ce. "Mai koren ƙohwa. Ai sun san jikinki."